Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Gidan Tarihi na Kedleston

Zuwa ga shugabanni, ma'aikata da 'yan sa-kai na National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi da ke kula da gidan Kedleston Hall, kusa da birnin Derby a Ingila.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a bainar jama'a domin in gode muku bisa karamcin da kuka yi mana a ranar da na kawo mahaifina, wanda ya zo mana ziyara daga gida kuma ƙafa ta fara yi masa nauyi. Tun daga ƙofa aka samar masa wurin zama, kuma ba wanda ya gaggauta mu.

A babban zauren marmara muka fi daɗewa. Baba ya tsaya a tsakiyar ginshiƙai 20 na dutsen alabasta, ya ɗaga kai yana neman inda haske yake shigowa, domin bangon zauren ba shi da taga, daga rufi hasken yake sauka. Wata dattijuwa cikin 'yan sa-kanku ta bayyana mana cewa Nathaniel Curzon ne ya fara ginin a 1759, kuma mai zanen gine-gine Robert Adam ya kwaikwayi tsohuwar Rum, har ya ɗauko siffar ƙubbar ɗakin da ke gaba daga ginin Pantheon, wani tsohon wurin bauta a birnin Rum. Ta riƙa dakatawa ina mayar wa Baba da Hausa, ba tare da ta ƙosa ba.

Abin da ya fi ƙara muku daraja a idona shi ne ba ku ɓoye ɓangaren tarihin da ba shi da daɗin ji ba. An gaya mana cewa an tashi ƙauye guda daga mazauninsa domin a shimfiɗa wannan fili mai tafkuna da gada mai baka uku, cocin ƙauyen kaɗai aka bari a gefen gidan. Haka kuma da muka isa ga kayan da Lord Curzon, wani daga zuriyar Nathaniel, ya tara daga Asiya, an yi mana bayani a fili cewa shi ne wakilin sarautar Birtaniya a Indiya daga 1899 zuwa 1905, kuma a zamaninsa aka yi gagarumin taron Daba na Delhi a 1903. Baba ya ce shekarar ce Turawa suka ci Kano da Sakkwato, sai dattijuwar nan ta matso ta zauna tana yi masa tambayoyi cikin ladabi.

Tun da gidan ya dawo hannunku a 1987 kuke ɗauke da nauyin gyaransa, kuma an ga aikin a hanyoyin da ke bakin ruwa, inda Baba ya taka a hankali yana kallon tumaki suna kiwo.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku ƙarfin gwiwa.

Naku da girmamawa,
Wani mazaunin Derby