Zuwa ga ƙanwata ɗalibar nas mai tambaya a kan baturen tumaki

Assalamu alaikum ƙanwata. A gaban jama'a kika yi tambayar, don haka a gaban jama'a zan amsa miki. Cewa kika yi me ya sa kullum in ana maganar bakwaini sai na kawo sunan Graham Liggins, mutumin da aikinsa binciken tumaki ne a can New Zealand, wai wane amfani ya yi wa jariranmu na nan.

Toh bari ki ji. Shi dai likitan mata ne a Auckland, kuma ba ma huhu yake nema ba, so yake ya gano abin da ke tayar da naƙuda, sai yana sa wa 'ya'yan tumaki maganin sitiroyid tun suna ciki, kawai sai ya ga ɗan tunkiyar da aka haifa tun lokaci bai yi ba yana numfashi, alhali a wannan kwanakin huhunsa bai isa ya buɗe ba. Kin san dai matsalar bakwaini, tun 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka nuna cewa huhunsu ba shi da isasshen safaktant, wannan ruwan mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa kamar jiƙaƙƙiyar leda, shi ya sa za ki ga jariri yana nishi, haƙarƙari na lotsawa, hanci na buɗewa. Ko ɗan shugaban Amurka Kennedy wannan ciwon ne ya ɗauke shi a 1963, duk da kuɗi da mulki.

Sai Liggins ya haɗa kai da likitan yara Ross Howie suka gwada allurar sitiroyid ɗin a kan mata 282 masu naƙuda kafin lokaci, sakamako ya fito a 1972, ciwon numfashin ya sauko daga wajen kashi 26 cikin ɗari zuwa kashi 9. Allura ce fa mai araha da ake wa uwa. Amma wallahi abin haushi likitoci da yawa suka yi biris da shi, sai da wata likitar mata Patricia Crowley ta tattara gwaje-gwajen da aka yi ta fitar a 1990, sannan hukumar binciken lafiya ta Amurka ta yi zama a 1994 ta ce a riƙa bayarwa, kin ga shekara 22 kenan jarirai na mutuwa magani na ajiye. Tambarin nan na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, da kuke gani a littattafanku, mai layuka a tsakiya, sakamakon gwaje-gwajen allurar nan ne aka zana. Shi ya sa ni ba na cika ruɗuwa in an ce wane farfesa yana da takardu kaza an ambace shi sau kaza, ni tambayata ita ce me ya canza a ɗakin haihuwa.

Yanzu ga inda ya shafe ki. Wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2015, a ƙasashe irin su Kenya, Zambiya, Indiya da Pakistan ya baza allurar har ƙananan asibitoci, sai mutuwar jarirai ta ƙaru maimakon ta ragu, iyaye mata kuma aka ƙara zargin kamuwa da ƙwayoyin cuta, ana ganin saboda an yi ta yi wa matan da cikinsu ya riga ya isa, ba sikanin da zai faɗi watannin ciki daidai, ba ɗakin kula da bakwaini. Hankalin kowa ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwaji a asibitoci 29 na ƙasashe biyar har da Najeriya, mata 2,852, aka fitar a 2020, mutuwar jarirai kashi 19.6 ga waɗanda aka yi wa uwayensu deksa (wato deksametason, allurar sitiroyid ɗin), 23.5 ga waɗanda ba a yi wa ba. Magani ɗaya ne fa, bambancin kawai a wannan karon an tabbatar da makonnin ciki, kuma in jariri ya fito akwai oksijin da na'urar CPAP mai taimaka masa numfashi da nas da za ta kwana a kansa tana duba ɗumin jiki da suga da ciyarwa.

Don haka in kin fara aiki aka kawo mace mai ciki tsakanin mako 24 da 34 tana naƙuda, ki fara neman takardar sikanin ɗinta na farko, ki auna zazzaɓi don in akwai alamar cuta a mahaifa ba a bayarwa, ki kira likita da wuri, ki rubuta lokacin allurar farko tunda miligiram 6 ce duk awa 12 har sau huɗu kuma a canjin duti ake yawan ɓatar da lissafi. Sannan don Allah ki ja kunnen mata, wannan ba ruwansa da deksar da ake saye a kemis ana sha don a yi ƙiba, kar wata ta ji labari ta je ta sayo wa kanta.

Ki gaida malamanku. Yayarki a aiki.