Sun soke adimishin ɗin ƙanwata saboda takarda ɗaya, in kai su kotu ko in haƙura?

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, ya iyali ya ƙoƙari. Allah ya saka miki da alheri kan shirin nan naki, ni da mamanmu ba ma bari ya wuce mu. Don Allah idan za ki karanta wannan kar ki faɗi unguwarmu, ki ce dai wata 'yar uwa daga Kumasi, saboda maganar ta riga ta zaga dangi kuma ba na son a ƙara.

Hajiya wallahi hannuna na rawa nake rubuta miki. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda tun rasuwar babanmu ni ce uwarta ni ce ubanta a kan maganar karatu, an kore ta daga kwalejin koyon aikin jinya bayan ta gama simesta guda cur, ta yi jarrabawa, ta ɗinka yunifom, na biya kuɗin makaranta da na hostal har da katifa da bokiti. Ba ta yi satar amsa ba, ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta faɗi ko darasi ɗaya ba. Wai suna. Wai sunan da ke takardunta bai zo ɗaya ba kuma ba ta kawo afidabit, wato takardar rantsuwar kotu, a kan lokaci ba. Ba zan kama sunan makarantar ba amma Allah ya san su.

Bari in koma baya kaɗan don ki gane. Ni atamfa da leshi nake sayarwa a kasuwar Kejetia, kuma shagon ma ba nawa ba ne ni kaɗai, mu biyu ne. Yarinyar nan ta shiga sakandare ne da Free SHS, shirin gwamnati na karatun babbar sakandare kyauta, wanda kin san sai 2017 aka fara shi, ni a lokacina babu, shi ya sa na tsaya a JHS, wato ƙaramar sakandare, to na ce duk abin da ban samu ba ita sai ta samu. Ta rubuta WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ta ci komai sai lissafi da ta samu D7, kuma su makarantun jinya ba sa karɓar D7, sai daga A1 zuwa C6 a Turanci da lissafi da kimiyya, da kuma darussa uku na zaɓi. To sai ta sake zama ta rubuta Nov/Dec, wato WASSCE ɗin da ake rubutawa ba ta hannun makaranta ba, ta gyara lissafin. A nan ne masifar ta samo asali. Kin dai san yadda ake yi da sunayenmu na 'yan zango a makarantun nan, Abubakar ya koma Bukari, Muhammad ya koma Mahama, malami ya rubuta yadda kunnensa ya ji tun firamare shi ke nan ya bi yaro har girmansa. Sakamakonta na makaranta yana ɗauke da sunan babanmu yadda malaman suka rubuta, shi kuma na Nov/Dec an yi rajistarsa da sunan da ke Ghana Card ɗinta, wato katin shaidar ɗan ƙasa, wanda shi ne na gaskiya. Ranar haihuwa ɗaya, hoto ɗaya, fuska ɗaya, duk mai ido ya san mutum ɗaya ce.

Kuma Hajiya ba ɓoye musu muka yi ba, wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai. Fom ɗin a kafen intanet aka cika mata shi, ni na kai ta da kaina na biya, an ɗora takardun duka biyun a intanet kamar yadda suke. Ta je intabiyu da takardun a hannu, mutane zaune sun duba sun juya sun ba ta adimishin. Me ya sa a ranar ba wanda ya ce komai? Sai da suka karɓe kuɗi tsaf sannan idonsu ya buɗe. Yanzu wasu a dangi suna cewa wai laifina ne da ban kai ta an yi rantsuwar kotu tun farko ba, to ni ina na sani? Mai kafe da wannan ne aikinsa kullum ya ce ba matsala, su masu makarantar da suka yi digiri sun gani sun yi shiru, sai ni mai sayar da atamfa ce zan sani?

Su abin da suke faɗa shi ne wai sun manna sanarwa a allo cewa duk mai bambancin suna ya kawo afidabit da gazet, wato jaridar gwamnati da ake buga gyaran suna a ciki, kafin wata rana. A lokacin yarinyar tana gida, mamanmu ce hawan jini ya kayar da ita muka kwana asibiti, kuma da izini ta fito ba guduwa ta yi ba. Ba su kira ta ba, ba su turo saƙo ba, alhali ranar da suke neman cikon kuɗi har lambata suka kira. Da ta koma sai aka miƙa mata takarda a ofis, layi kaɗan, an janye adimishin ɗinki, ki kwashe kayanki. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce me ya faru.

Na je da kaina. Akwai wata mata a ofishin rajistara, Hajiya ban taɓa ganin mai taurin zuciya irinta ba, ko kujera ba ta ce in zauna ba, tana danna wayarta tana ce min doka ce, doka ce. Na ce ga afidabit mun yi yanzu, gazet ma mun tura Akra muna jira, ta ce lokaci ya wuce ta sake neman adimishin baɗi. Na ce kuɗin fa? Ta ce ba a mayarwa. Ni dai zuciyata ta ba ni cewa akwai wanda suke son ba wa gurbin, ba ni da shaida amma yadda ta ƙi ko kallon takardar ya isa.

Na manta ban faɗa miki ba, ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu yaran da abin ya shafa, kuma na ji an ce an mayar da wani bayan wani babba ya yi waya. Mu ba mu da babba sai Allah.

To wani ɗan unguwarmu da ke aiki a ofishin lauya a Adum ya haɗa ni da maigidansa. Mutumin ya yi min bayani sosai, ya ce sashe na 23 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce dole hukumomin gwamnati da jami'ansu su yi adalci da hankali a hukuncinsu, kuma wanda aka zalunta yana da damar zuwa kotu. Ya ce ƙarfinmu shi ne ba su saurare ta ba kafin su yanke, kuma su da kansu suka karɓi takardun tun farko. Ya ce Babbar Kotu na iya soke wannan takardar tasu, amma irin wannan ƙarar sai a cikin wata shida da faruwar abin ake shigar da ita. Sai dai kuɗin da ya kira, ko kwasar adashina gaba ɗaya ba za ta biya ba, kuma ya faɗa min gaskiya cewa shari'a na iya jan lokaci har 'yan ajinta su yi nisa. Wata ƙawata kuma ta ce in je CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da sauraron ƙorafi kan zaluncin hukumomi, su kyauta ne kuma irin wannan zaluncin na ofis aikinsu ne, amma wai idan magana tana gaban kotu ba sa taɓa ta, wato sai in zaɓi ɗaya. Wani kuma ya ce akwai Legal Aid masu ba talaka lauya. Kaina ya ɗaure, kowa da tasa, kuma kwanaki na tafiya.

Ni ba kotun ba ce ma take hana ni barci Hajiya. Baffanmu ne, ƙanen babanmu. Mutumin nan ko sidi ɗaya bai taɓa sawa a karatun yarinyar nan ba, ranar da ta samu adimishin ko barka bai yi ba, amma tun da ta dawo gida kullum yana zaure wai Allah ne ya nuna mana boko ba rabonta ba ne, wai akwai wani abokinsa a Tafo mai mata biyu da ya daɗe yana magana. Ya ce idan na kai makaranta kotu na zubar da mutuncin gida, mace ba ta shari'a da hukuma, kuma ba da yawunsa ba. Mamanmu ba ta iya musu da shi, kuka kawai take yi, jininta yana hawa. Mijina shi ma ya fara cewa in bi a hankali kar a ce shi yake zuga ni. Ita kuma yarinyar ta daina cin abinci, ta fita daga guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinsu, jiya cewa ta yi in bar shi kawai Yaya, duk abin da Baffa ya ce. Yarinyar da tun tana ƙarama take cewa ita nas za ta zama. Na san ba daga zuciyarta maganar ta fito ba, kunya ce da gajiya.

Kuma ina tsoron wani abu, ko da mun ci shari'ar ta koma, hannun mutanen nan za ta koma, su ne za su ba ta maki shekara uku, su ne za su tura sunanta jarrabawar lasisi. Wa zai tsare min ita a can? Idan kuma na ce ta jira baɗi ta nemi wata makarantar da gazet ɗinta a hannu, wallahi Baffa ba zai bar ta ta kai baɗi ba, kafin azumi zai karɓi goro.

Don girman Allah Hajiya ki ba ni shawara. Idan kina da lauya cikin masu zuwa shirin ki tambaye shi ko CHRAJ ɗin na iya sa a mayar da ita ko dai kotun ce dole, kuma ko kuɗina na iya dawowa. Sannan ki faɗa min, a addinance ina da ikon in tsaya wa Baffa a kan auren nan tunda ita ba ta so, ko in je wurin limamin unguwa da sarkin zango su yi masa magana? Ina tsoron in kai shi gaban manya a ce na yi rashin kunya, mamanmu ce za ta sha wahalar a gidan. Ki taimaka ki amsa a shirin wannan makon saboda wata shidan nan da lauya ya faɗa.

Nagode, Allah ya ƙara girma.

'Yar uwarki daga Kumasi