A riƙa kai yara Gidan Makama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in roƙi iyaye da malaman makaranta su riƙa kai yara Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi da ke Kano. Ga shi nan daf da fadar Sarki, gini tun zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, amma yawancinmu sai dai mu wuce a Adaidaita Sahu.

Ni tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni suka fi tsaya mini a rai, manya, masu nauyi. Yaro in ya tsaya gabansu, ba sai an yi masa dogon bayanin ganuwa ba. Ga sulken mayaƙa, ga hotunan zuwan Turawa a 1903. Wallahi abin takaici ne baƙo daga Turai ya fi ɗan unguwar Mandawari sanin gidan nan.

Na gode,
Wani malamin firamare, Gwale, Kano