Amsar tambayar Alhaji: me ya sa kunu ya riga rufin aji?

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Asabar, a taron iyaye da malamai, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa kuɗin da 'yan unguwa ke tarawa yake ƙarewa a kunun yara, alhali ajujuwa biyu ba rufi. Kiran sallar La'asar ya katse mu, shi ya sa na ce bari in amsa a rubuce.

Ranka ya daɗe, shekara 27 ina riƙe da alli a nan Kurna. Tun kafin in kira suna nake gane yaron da ya karya da wanda ya fito da cikinsa wayam. Ƙarfe goma na yi sai ya kifa kai a benci, ka yi ta bayani kamar da bango kake. Wasu kuma a tara suke sulalewa gida, ba sa dawowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 irin waɗannan yara suka ƙaru a ajina, har da 'ya'yan gidajen da a da su ke ba maƙwabta.

Kunun ba wani abin a zo a gani ba ne: gero, waken suya da gyaɗa, a soya, a niƙa, a dama. Amma je asibitin yara na Hasiya Bayero ka ga yadda ake ɗaura wa jarirai ma'auni a damtse. In ya gaza santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Ƙannen ɗalibaina ne waɗannan, tukunya ɗaya suke ci.

Ka ce ciyarwa aikin gwamnati ne. Gaskiyarka. An yi a mulkin Kwankwaso na farko, gwamnatin tarayya ma ta ɗauko shi a 2016. Sai dai yau a yi, gobe a tsaya, cikin yaro kuwa bai san jiran kasafin kuɗi ba.

Rufin ma yana damuna, ni ne ruwa ke jiƙa wa rajista da damina. Amma gini bai cika rasa mai yi ba, tunda ana liƙa allo da sunan mai bayarwa. Kunu kuwa an sha, an wanke kofi, shi ke nan.

Littafin kuɗinmu yana ofishin hedimasta, kowa na iya dubawa. Ka zo ranar Litinin kafin tara ka ga layin da idonka. In kuma hanya ta bi da kai Dawanau, geronmu saura kwano shida.

Naka,
Malamin aji uku