Likita, idan na bar ƙwaya zuciyata ba ta riƙuwa

Assalamu alaikum Likita,

Ina yi maka fatan alheri tare da duk ma'aikatan wannan shiri. Don Allah a sakaya sunana. Ni tela ne a Kano, shekarata 36, ina da mata da 'ya'ya biyu.

Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 ina cikin waɗanda suka je salla Babban Masallacin Juma'a na kusa da gidan Sarki. Ni da ƙanena muka je, muka shimfiɗa darduma a sahun waje. An tayar da salla ke nan sai ƙarar bom, muka watse, sai ga harbi ta inda jama'a suke gudu. Sama da mutum 100 suka rasu a ranar, har da ƙanena. Ni ko ƙwarzane ban samu ba. Masu zuwa gaisuwa suna ta ce mini na auna arziki, ni kuwa abin da yake raina shi ne ni na ja shi zuwa can, don shi a masallacin unguwa ya so yin sallarsa.

Daga nan barci ya ƙaurace mini. Da na rufe ido sai in ga takalma a warwatse. Wani abokin aikina ya ga yadda nake ramewa, ya zuba mini kodin a cikin lemon kwalba, ya ce in gwada. A daren na yi barci har asuba, karon farko cikin wata huɗu. Wallahi Likita ba maye na je nema ba, barci nake nema. Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 kuɗinsa ya fi ƙarfina, na koma tiramol. Ya taɓa kayar da ni a kan keken ɗinki ina jijjiga kamar mai farfaɗiya, yaran shago suka yi ta yayyafa mini ruwa.

Sau uku ina dainawa. Zufar da ciwon gaɓoɓin da gudawar da ake yi a makon farko, duk ina iya jure su. Abin da yake kayar da ni yana zuwa ne bayan jiki ya lafa. Sai in zama kamar fetur kusa da ashana. Taya ta fashe a titi, ƙirjina ya hau dukan uku-uku, hannuna ya kasa saka zare a allura. Mai ɗinki ya ce wuyan rigarsa ya yi faɗi, in ji kamar ya zagi mahaifiyata. Idan kuma wutar ta mutu sai in koma toka, ba na jin komai. Ranar sunan ɗana ana ta yi mini barka, ni kamar a gidan wani nake.

Wanda ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru a watan jiya. Ina kwana 19 ban sha ba. Ina zaune a tsakar gida bayan magariba, 'yata mai shekara 5 ta ɗauko murfin tukunya za ta kai wa uwarta, ya suɓuce ya faɗi a siminti. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na daka mata tsawar da maƙwabta suka ji, hannuna yana sama. Allah ya taimake ni ban sauke shi ba, amma yarinyar ta saki fitsari a tsaye. Na fita ko hula ban ɗauka ba, ban zame ko'ina ba sai wajen mai sayar mini. Har yau idan ta ji sallamata sai ta ɓuya bayan zanin uwarta. Maiɗakina, wadda ta sha wuya a kaina fiye da kowa, ta ce mini cikin kuka, "Malam, ka fi sauƙin zama idan ka sha." Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo, don gaskiya ta faɗa.

Ban zauna haka kawai ba. Na sha rubutu, an yi mini ruƙiyya, kuma ina samun natsuwa idan ina karatun Alƙur'ani, sai dai ba ta kai ni dare. Na je wani asibiti, likitan ya saurare ni, ya ce abin da ke damuna ciwo ne sananne da yake kama wanda ya ga tashin hankali, sojoji ma suna yinsa, ya rubuta PTSD a katina. Amma ya ce sai na bar ƙwaya tukuna za a fara zaman tattaunawa a kan abin da ya faru. To ni a nan na rasa gane kan zancen. Ƙwayar ita ce murfin da na rufe tukunyar da shi, an ce in cire murfin, ba a rage wutar ba. Shin ba a haɗa maganin biyun a lokaci ɗaya? Ko akwai inda ake yin haka a Arewa, kamar asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, in tara kuɗin mota in je?

Babbar tambayata kuma ita ce ɗan lokacin nan da ke tsakanin jin ƙara da daka tsawa. Na san hadisan da suka ce mai fushi idan yana tsaye ya zauna, ya yi alwala, kuma na yarda da su. Amma ni kafin tunani ya zo jikina ya riga ya tafi. Akwai abin da mutum zai koya wa jikinsa tun yana cikin natsuwa, yadda zai samu ko daƙiƙa biyar ta tsayawa? Me zan ce wa maiɗakina ta yi idan ta ga idona ya juya? Yaya kuma ake ba yarinya 'yar shekara 5 haƙuri ta fahimta?

Ina roƙon ka amsa mini kafin Babbar Salla. Ƙaurin babbakar kai da ƙafa shi ne warin da na shaƙa a ranar nan, kuma duk shekara a kwanakin layya nake komawa ruwa. Bana yayana ya ce a gidanmu za a yanka ragon iyali, na kasa gaya masa dalilin da ya sa nake son a kai shi wani wuri.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai sauraro daga Kano