Bayan tiyatar rage ƙiba: a kula da bitamin D tun kafin ƙashi ya lalace

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu ja hankalin masu karatu, da kuma abokan aikinmu na asibiti, kan wata matsala da ke biyo bayan tiyatar rage ƙiba, wadda galibi ba a farga da ita sai ta yi nisa. Matsalar ita ce ƙarancin bitamin D da lalacewar ƙashin da yake jawowa.

Ba baƙon abu ba ne yanzu a ji wani ko wata an yi masa wannan tiyata, ko a nan gida ko a Indiya, Masar, Turkiyya ko Dubai. Ana gama aiki a sallami mutum da ledar magunguna na 'yan watanni, ya hawo jirgi ya dawo. Teɓa ta fara zubewa, ciwon sukari da hawan jini su yi sauƙi, dangi na ta zuwa barka. Ranar da ledar nan ta ƙare sai a ɗauka an gama. Alhali wanda aka taɓa wa tumbi ko hanji ta wannan hanya zai sha bitamin da kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi, har ƙarshen rayuwarsa, kuma zai riƙa awon jini aƙalla sau ɗaya a shekara.

Dalilin yana cikin yadda ake yin aikin. A tiyatar da ake kira silib, ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siririn bututu. Abinci ya ragu, ruwan tsamin ciki ma ya ragu. A ta baifas kuwa, ana ware 'yar jaka a saman tumbi wadda ba ta wuce mililita 30 ba, wato kimanin cokalin cin abinci biyu, a haɗa ta da hanji can gaba, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon ƙaramin hanji. To, wannan farkon hanjin da aka tsallake shi ne inda jiki ya fi tsotsar kalsiyam. Shi kuma bitamin D, wanda ke taimaka wa hanji tsotsar kalsiyam, a cikin mai yake narkewa, ba ya shiga jini sai abinci ya gauraya da ruwan matsarmama, kuma bayan baifas ba sa haɗuwa sai an yi nisa a cikin hanji. Akwai wasu nau'o'in tiyatar da ke tsallake hanji mai tsawo fiye da haka, kuma masu su ne suka fi kowa shiga haɗari. Ƙari a kan wannan, da yawan masu ƙiba tun kafin a kai su ɗakin tiyata bitamin D ɗinsu a ƙasa yake, saboda kitse yana riƙe shi ya hana shi yawo a jini. Shi ya sa ake son a auna shi a gyara tun kafin aiki.

Wani zai ce mu da rana ke dukanmu shekara zagaye, ina mu ina ƙarancin bitamin D? Fata mai duhu tana buƙatar zama a rana fiye da fara kafin ta samar da shi. Hasken da ke yin aikin ba ya ratsa gilashin mota ko na taga, tufafi na tare shi, ƙurar hunturu na rage shi. Matar da ke cikin gida yawancin yini, da mai fita daga gida ya shiga mota ya shige ofis, ba sa samun abin da ake zato. Shan hantsi a tsakar gida da hannuwa da ƙafafu a buɗe yana da amfani, amma ba ya maye gurbin magani ga wanda aka yi wa baifas. Abinci ma haka: gwaiduwar ƙwai ɗaya tana da kimanin IU 40 ne kawai (IU shi ne ma'aunin adadin bitamin), ga mutumin da ke buƙatar dubbai a rana. Kifin sadin da taitus sun fi, sai dai tumbin da ya koma 'yar jaka nawa zai ɗauka? Sannan cimarmu ba ta da yawan kalsiyam. Binciken da aka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe suna samun kimanin miligiram 200 ne na kalsiyam a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Saboda haka a wurinmu ba a raba maganar bitamin D da ta kalsiyam.

Inda aka fi yaudaruwa shi ne wajen awo. Majinyaci zai zo da ciwon baya da na ƙugu, likita ya rubuta a auna kalsiyam, sakamako ya fito daidai, a ce masa ƙashinsa lafiya lau. Wannan kuskure ne. A wuya akwai wasu 'yan ƙananan ƙululai guda huɗu da ke fitar da sinadarin da ake kira PTH. Aikinsu shi ne su hana kalsiyam na jini faɗuwa, domin zuciya da jijiyoyi ba sa aiki sai da shi. Idan hanji bai kawo isasshe ba, sai PTH ya hau, ya riƙa kwasowa daga ƙashi yana zubawa a jini. Kamar maigida ne da ke ɗiban hatsin rumbu kullum yana cika kwanon gida. Mai kallon kwano ba zai san rumbu ya kusa ƙarewa ba. Ana iya shekaru a haka kalsiyam na jini bai motsa ba. Abin da ke tona asiri shi ne awon bitamin D ɗin kansa, da PTH, da wani sinadari da ake rubutawa ALP, wanda ke hawa idan ƙashi na laushi. Yana da kyau a haɗa da fosfet da maganiziyam da awon ƙoda.

A kula da sunan awon. Wanda ake so shi ne wanda aka rubuta 25-OH vitamin D. Akwai wani mai kama da shi, mai lamba 1,25, wanda ya fi tsada kuma yana iya fitowa daidai ko ma sama a jikin wanda ke cikin ƙarancin. A kuma duba ma'aunin da ɗakin awo ya yi amfani da shi, domin iri biyu ne: ng/mL da nmol/L, kuma 1 na farko daidai yake da 2.5 na biyu. Ƙasa da 20 ng/mL, wato 50 nmol/L, ƙaranci ne. Ga wanda aka yi wa tiyata ana son ya kai 30 ng/mL, wato 75 nmol/L, ko sama. Mutum na iya ganin 40 a takardarsa ya yi hamdala, alhali 40 nmol/L ce, wadda ba ta wuce 16 ng/mL ba. Ana yin awon kafin tiyata, sai a wata na 3, na 6 da na 12, daga nan kowace shekara. Hoton da ke auna ƙarfin ƙashi, wato DXA, ana shawartar yinsa wajen shekara biyu bayan aiki, inda ake da na'urar.

Alamomin ba su da wani tambari, shi ya sa ake ta ba mutane maganin taifot ko na sanyin ƙashi. Akwai kasala, da ciwo mai nauyi a ƙugu, haƙarƙari, gadon baya da ƙwauri, wanda ke ƙaruwa idan an danna ƙashin. Amma abin da ya fi nuni shi ne raunin cinyoyi. Mutum zai ga ba ya iya miƙewa daga sujada sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, ko tashi daga tabarma ko daga tsuguno a bayan gida ya zama aiki, ko hawa bene sai da riƙe ƙarfe, tafiya kuma ta koma rangaji. Mai shekara arba'in da ya rage kilo talatin ya kamata tashi ya yi masa sauƙi ne, ba wuya ba. Idan kuma aka fara jin leɓe da yatsu kamar ana tsikarinsu da allura, ko hannu na ƙandarewa, to kalsiyam na jinin ma ya faɗi, a nufi asibiti a ranar.

Game da adadi, ƙa'idar ƙungiyar likitocin wannan tiyata ta Amurka ita ce a sha aƙalla IU 3,000 na bitamin D3 kullum, a riƙa daidaitawa har awo ya wuce 30 ng/mL. Takwararta ta Birtaniya ta sa IU 2,000 zuwa 4,000 a rana bayan silib ko baifas. Wanda aka tarar yana cikin ƙaranci ana ba shi IU 3,000 zuwa 6,000 a rana, ko ƙwaya mai IU 50,000 sau ɗaya zuwa uku a mako, gwargwadon yadda likita ya gani. Ba a sake awo sai bayan kimanin wata uku da canja adadi, domin a hankali yake taruwa. Wasu kwalaye suna rubuta maikirogiram maimakon IU: 1 daidai yake da IU 40, ke nan 25 na nufin IU 1,000. Ƙwayar bitamin gama-gari da ake saye a kemis sau da yawa ba ta wuce IU 400 zuwa 1,000 ba, don haka ita kaɗai ba ta isa. A sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo. A makonnin farko bayan aiki an fi son na ɗigo ko na taunawa. Mai shakkar fatar kafso, saboda wasu ana yinta da jelatin da ba a bayyana daga wace dabba aka samo ba, ya nemi na ɗigo ko busasshiyar ƙwaya. Shi bitamin D3 kansa galibi daga man gashin tumaki ake fitar da shi.

Kalsiyam kuwa ana son jimillar miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana, abinci da magani a haɗe, ga masu silib da baifas, masu tiyatar da ta fi tsallake hanji kuma 1,800 zuwa 2,400. A nan ake yin kurakurai da yawa. Mafi arha a kemis shi ne wanda aka rubuta calcium carbonate, kuma shi ba ya narkewa sosai sai da ruwan tsamin ciki, wanda tiyata ta rage, maganin olsa irin su omeprazole da ake ba su bayan aiki ya ƙara ragewa. Wanda aka rubuta calcium citrate ba ya buƙatar tsamin, shi aka fi so. Idan ba a samu sai na farkon ba, a sha shi a tsakiyar cin abinci. Sannan lambar da ke gaban kwali ba ita ce ainihin kalsiyam ba: ƙwayar kabonet mai miligiram 1,250 tana ba da 500 ne, ta sitiret mai 950 tana ba da 200. A juya bayan kwali a karanta. Kada a haɗiye na yini duka lokaci guda, domin hanji ba ya ɗaukar fiye da 500 zuwa 600 a zama ɗaya. A raba biyu ko uku. A bar tazarar awa biyu tsakaninsa da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, in ba haka ba suna tare wa juna hanya. Kofin nono ko kindirmo yana da kimanin miligiram 300, miyar kuka da zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu suna taimakawa, sai dai mai baifas ya guji zuba sukari a fura, saboda jiri da zufa da gudawar da yake jawo musu.

Idan an yi wata uku ana sha awo bai motsa ba, kafin a ninka adadi a yi tambayoyi. Ana shan maganin kuwa da gaske? Na ƙwarai ne mai lambar NAFDAC, ko ya daɗe a cikin zafin shago ko na mota? Bayan gida yana fita da maiƙo yana yawo a kan ruwa? Wannan alamar mai ba ya shiga jiki ce, kuma akwai nau'in bitamin D da ke gauraya da ruwa domin irin su. Akwai kuma magungunan da ke sa hanta ta ƙone bitamin D da sauri, kamar rifampicin na tarin fuka, da phenytoin, carbamazepine da phenobarbital na farfaɗiya. Su prednisolone da dexamethasone kuwa suna ƙara cinye ƙashi.

Yawansa ma cuta ne. An san mutane na rikita ƙwayar mako mai IU 50,000 da ta kullum, ko su riƙa karɓar allura mai IU 300,000 ko 600,000 a kai a kai ba tare da awo ba. Kalsiyam sai ya yi yawa a jini, a ga ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, taurin bayan gida da ruɗewa, ƙoda kuma ta taɓu. Kada mai kemis ya musanya bitamin D3 da alfacalcidol ko calcitriol. Waɗannan na musamman ne, galibi ga masu ciwon ƙoda, kuma sai da sa idon likita. Man hantar kifi ma ba mafita ba ne, domin kafin ya ba da isasshen D ya cika jiki da bitamin A, wanda yawansa ke cutar da ɗan tayi. Ga abokan aiki kuma: ƙwayar ƙarfafa ƙashi irin alendronate tana iya jawo gyambo a wurin ɗinkin baifas, allurar ƙarfafa ƙashi ta jijiya kuma ba a yinta sai an cike bitamin D, in ba haka ba kalsiyam na iya faɗuwa warwas.

Mata su jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan tiyata, idan an samu cikin kuma a riƙa awo kowane wata uku, a gaya wa masu awon ciki irin aikin da aka yi. Mai son yin azumi ya fara tuntuɓar likitansa, musamman a shekarar farko. Wanda aka amince masa ya raba kalsiyam tsakanin sahur da buɗa-baki, ya bar maganin ƙarin jini sai bayan tarawihi, ya kuma riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan har lita ɗaya da rabi ko fiye kafin asuba, domin baifas na ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda.

Roƙonmu ga mai shirin fita waje shi ne kada ya baro asibitin sai da rubutaccen bayanin tiyatar: wane iri ce, kuma tsawon hanji nawa aka tsallake. Tun kafin ya tafi ya samu likita a gida wanda zai ci gaba da dubansa, ya kuma sa kuɗin magani da na awon kowace shekara cikin lissafin kuɗin aikin. Asibitocin koyarwa namu kuma muna kira gare su da su ware rana a asibitin masu ciwon sukari ko na tiyata domin bibiyar waɗannan majinyata, ko a ina aka yi musu aikin.

Wassalam.

Daga wasu likitoci da masana abinci mai gina jiki,
Kano.