Ka Tambaye Ta Abin da Ta Daka a Ciki

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan ƙalau. Abbanku yana gaishe ka, ƙafar tasa da sauƙi, har ya koma zuwa masallaci ba sanda.

Da gangan na ƙi kiran ka. Awa shidan nan da ke tsakaninmu ta ishe ni, kafin in sallami gida kai ka yi barci, in kuma na same ka sai ka yi ta “ba komai, Umma” har kuɗin waya su ƙare. Takarda dai ba za ka katse ta ba.

Ƙanwarka ta nuna mini hoton farantin da ka saka ranar Talata, na wurin cin abincin ma’aikatarku a Cikarang, can ƙasar Indonesiya. Karedok ka ce sunansa. Na sa tabarau na duba da kyau: kabeji, kokwamba, ɗanyen wake dogo an yayyanka shi da ɓawonsa, ’yan ƙananan yalo, ga wani ganye kamar ɗoɗɗoya, duk an cuɗa da daƙaƙƙiyar gyaɗa. Har dariya na yi, na ce wannan ai kwaɗo ne ya ƙetare teku. Kai da sai an bi ka da tsawa kake cin kwaɗon zogale, yau ga ka kana yabon ɗanyen ganye a gaban duniya. Ban ji haushi ba. To, na ɗan ji.

Washegari bakinta ya suɓuce. Ta ce ka aiko mata da wani hoton, leɓenka ya kumbura, ka ce kada ta gaya mini. Kada ka yi mata faɗa, ni na tsare ta.

Ban runtsa ba daren nan. Na sa ta binciko mini duk abin da ake sawa a miyar gyaɗar, tana karantawa ina ji: barkono, tsamiya, sukarin kwakwa, wata saiwa mai ƙamshi da suke kira kencur. Sai ta zo kan terasi. Ka san ko mene ne? Ƙananan jatan lande ne ake cuɗawa da gishiri, a bar su su ruɓa, a daka, a shanya, kamar yadda muke yi wa kalwa ta zama daddawa. Ɗan gutsure ake jefawa a turmin dutse a daka tare da barkonon, ba ido da zai gan shi. Yana cikin yajinsu na sambal da ka ce ba ka iya cin shinkafa sai da shi. Ko abin nan mai ƙaras-ƙaras da ke gefen farantinka, kerupuk, akwai wanda da jatan landen ake yin sa.

Jatan lande, Babana! Ka manta gidan Gwaggonka a Agege? Kai ba za ka tuna ba, shekararka shida. Ni ce na saɓa ka a kafaɗa ba mayafi, ina jin numfashinka yana fita kamar ana busa usur, idonka sun rufe ruf. Ni likita ya kalla ya ce da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Ya ce dafuwa ba ta kashe abin, soyawa ma haka, kuma ba wanda ya san karon da zai rufe maƙogwaro. Tun ranar nake shan gori a wurin dangin ubanka, wai na shagwaɓa ka, ina bin ka gidan biki ina buɗe kwano ina shinshinawa. Su yi ta faɗa. Shekara ashirin da biyu na raine ka ba a sake ba, wata huɗu da barin hannuna ga shi.

Na san yadda aka yi, ba sai ka gaya mini ba. Abokan aiki sun tura maka faranti suna murmushi, kai kuma kunya ta hana ka tambaya, kada a ce baƙo yana ƙyamar abincin mutane. Irin kunyar ubanka. Ba zancen halal nake yi ba, a nan hankalina kwance yake. Na zauna da matansu a Mina, su da suka fi kowace ƙasa yawan alhazai, sama da 200,000 a shekara, na ga tsaftarsu da natsuwarsu. Abin halal ne, jikinka ne ba ya so. Kuma wanda ya ɓoye wa uwarsa ciwo don kada ta damu, ba tausayinta ya ji ba, raina ta ya yi.

Ka je wurin matar da ke dafa muku, wadda ka ce kuna kira Ibu, wai uwa. Tunda ka yi sabuwar uwa, ta san abin da ta farko ta sani. Ka ce mata “saya alergi udang”, wato jikina ba ya son jatan lande, ka ƙara da “tanpa terasi”, wato ban da terasi. Ka ga har ni na haddace, da tsufana. In ta riga ta haɗa miyar tun safe, ko a turmi ɗaya take daka komai, ka haƙura, ka ci farar shinkafa da ƙwai. Sannan ka ga likita a makon nan, ka gaya masa na Agege da na Talata, ka tambaye shi allurar gaggawar da ake ajiyewa a jiki. Ƙwayar ƙaiƙayin da ka sha ba za ta buɗe maƙogwaro ba. Wanda kuke zama kusa a wurin aiki shi ma ya sani.

Ban ce ka daina cin ganyensu ba. A hoton farko har ka yi kumatu, na gani, na gode wa Allah. Na ji suna da zogale, kelor suke ce masa, ka nema a kasuwa. Ƙuli-ƙuli da yajin na daka, Kawunka yana neman wanda zai taho da su.

Ranar Juma’a bayan kun sauko daga masallaci ka kira ni da bidiyo, lokacin na idar da asuba. Leɓen nake so in gani da idona.

Allah ya yi maka albarka.

Ummanka